Jan Layi A Ƙasa

Shafi na 23

Salamu alaikum mutanena. Masu turo mini "Mbak Kinan ina ci gaban?" tun kafin in wanke ido, ku sassauta mini, ga shi na kawo. Ke kuma da kika rubuto cewa in sunkuyar da kai in ba su haƙuri tunda ni mace ce, gyara zama 'yar'uwa, wannan shafin naki ne.

*

Ruwa ake tsugawa a garinmu Jogja ranar Juma'ar nan, amma ko rigar ruwa ban tsaya nema ba. Na naɗe gwangwanin biskit ɗina a leda, na matse shi tsakanin ƙafafuna a kan babur, na ja sai garejin Mbak Rukmi inda ƙungiyarmu ta masu kiɗa da na'ura take taruwa. A wajenmu Mbak da Mas su ne Yaya, mace da namiji, Dik kuma ƙani ko ƙanwa.

Gwangwanin nan shi ne duk laifina a duniya. A cikinsa na haɗa ɗan injin da zai ba modul ɗinmu wuta, wato ƙananan allunan da muke jerawa a babban akwati, wani ya haifi sauti, wani ya tace shi, wani ya murɗa shi. Taransifoma, kafasito, fis, makunni, duk da hannuna na dasa su. Ranar gwaji aka jona modul ɗin shugabanmu Mas Jatmiko, ya yi tas, hayaƙi ya tashi. Shi ke nan aka yanke mini hukunci.

Ina cire takalmi a bakin ƙofa na yi tuntuɓe da kwali. Na leƙa. Modul ɗina ne gaba ɗaya, an ciro su daga babban akwati an zube su nan kusa da takalma, kamar kayan bola.

Na ɗaga kai, ga Bangon Hayaƙi yana kallona. Duk wanda ya ƙona kayan wani, a nan ake kafe gawar kayan da ƙusa, a liƙa sunansa a ƙasa. Daga ranar ba zai sake jona komai a babban akwati ba, ba zai hau dandamali da mu ba, sai Sallah ta zagayo an yafi juna. Ga ƙonannen modul ɗin Mas Jatmiko, ga farin tef a ƙasansa, an rubuta cikakken sunana, KINANTHI, da manyan baƙaƙe.

Gobe Asabar kuma wasanmu.

Su uku na tarar a kan tabarma suna jiran ruwa ya tsagaita. Mbak Rukmi mai gidan, ta miƙe ƙafarta mai ciwo. Mas Jatmiko da sigarinsa. Sai mijina, Mas Tunggul, wanda yana ganina ya ajiye soyayyar ayabar da ke hannunsa.

"Dik Kinan, shigo, kin jiƙe sharkaf," in ji Mbak Rukmi. "Ga shayi da zafinsa."

"Na gode Mbak. Ba shayi ya kawo ni ba."

Mas Jatmiko ya kalli ledar hannuna ya yi murmushin nan nasa. Mutumin nan bai taɓa ɗaga murya ba tunda na san shi. Da murmushi yake yanka mutum.

"A'a, Sallah ta zo ne ba a gaya mana ba? Ga shi har an kawo mana biskit."

"Ka ci lafiya Mas."

"Ai na ci. Har yanzu ɗacinsa bai bar bakina ba."

Mijina ya taso ya rage murya. "Dik, zo mu je gida mu yi magana."

"A gida na yi ta jiran maganar, Mas. Ba ta zo ba."

Na wuce shi, na dire gwangwanin a kan teburin aiki, na ture ƙarfen dalma gefe.

"Ina babban akwati?" na tambaya.

"Panji mai sauti ya tafi da shi zauren wasa a motata," Mas Jatmiko ya ce. "Yana can yana jona shi da sabon injin da muka sayo daga waje. Na kamfani. Mai takardar shaida. Ba mai hoton biskit a murfi ba."

"Madalla. Ni soket kawai nake so."

"Kin manta doka?"

"Dokar ta ce babban akwati. Soket ɗin bango ba naka ba ne."

Ya juya wajen Mbak Rukmi. Ita ce mai riƙe da bangon nan tun kafin a san wani Jatmiko a harkar, ita take da guduma da ƙusa. Ta kurɓi shayinta a hankali.

"Soket nawa ne," ta ce. "Jona, Dik."

Na jona, na danna makunni. 'Yar fitilar da ke murfin ta kawo. Na ɗora bakin mitar auna wuta, na juya wa Mas Jatmiko fuskarta.

"Karanta Mas. Idona ya jiƙe."

"Fulos sha biyu."

"Nan fa?"

"Mainos sha biyu." Ya busa hayaƙi sama. "Ranar ma ai haka ta nuna. Mita ba ta jin zafi, Dik. Modul ne yake ƙonewa."

"Gaskiyarka."

Na kashe, na koma bakin ƙofa, na tona kwalin nan har ƙasa. Na ciro Gyare.

Waɗanda suke tare da ni tun shafukan farko sun san Gyare. Shi ne modul na farko da na taɓa haɗawa, da hannu na zana hanyoyin allonsa, fuskarsa kuma daga murfin tsohuwar rediyon babana na yanko ta. Kukansa kamar na gyare a damina. Idan ya ƙone, ba kasuwar da zan je in samo wani.

Mijina ya riƙe mini hannu. "Dik, kar ki yi. Don Allah."

"Me ya sa? Kana tsoron gwangwanina ne, Mas?"

Ya sake ni. Bai iya kallon idona ba.

Na ɗauko wayar kintinkiri daga aljihuna, mai faɗin nan da jan layi a gefe ɗaya, wadda ni na matse kawunanta da kaina. Na cusa kai ɗaya a gwangwani, ɗaya a bayan Gyare. Na ɗora yatsa a makunni.

A wajenmu ba a kunna wuta sai an yi tambaya. Mai kunnawa ya ce "Ja?", wani ya leƙa bayan modul ya ga jan layin yana inda ya dace, ya amsa "A ƙasa." Ko maƙiyinka ne sai ya amsa maka wannan.

"Ja?" na ce.

Shiru.

Mas Jatmiko yana kallon rufi. Mijina yana kallon tabarma. Wallahi wannan shirun ya fi tef ɗin bango yi mini ciwo.

"Ja?" na sake cewa.

Mbak Rukmi ta dafa bango ta miƙe, ta ɗingiso har teburin, ta gyara tabarau ta leƙa.

"A ƙasa," ta ce.

Na danna.

Gyare ya tsala kuka ta cikin sifika har sai da kyanwar gidan ta zabura. Na murɗa shi ya yi ƙasa, na murɗa ya yi sama. Na bar shi yana ta yi, na harɗe hannu. Ba hayaƙi, ba wari. Na taɓa murfin gwangwanin, ɗumi-ɗumi kamar kofin shayi.

"Kashe haka nan, mun ji," Mas Jatmiko ya ce. "Sa'a ce. Yau ya yi, ranar bai yi ba. Abin da ba a san ranar haukarsa ba ai shi ya fi haɗari."

"Haka ne?"

"Haka ne. Ba ƙinki nake ba, Dik Kinan. Kina da hannu, kowa ya sani. Ki tsaya a kan ƙananan abubuwa, ki bar harkar wuta. Wuta ba wasa ba ce."

Kai jama'a! Ni ake gaya wa wuta ba wasa ba ce. Ni da na kwashe damina guda ina auna abin nan, ina canza kafasito, ina ƙona yatsuna da dalma har ban iya cin shinkafa da hannu ba.

Na kashe Gyare. Na zura hannu a ɗaya aljihun.

"To bari mu ga ranar haukar tasa."

Na ciro wata wayar. Ita ma kintinkiri, ita ma da jan layinta, sai dai wannan kanta ɗaya ya ɗan yi baƙi. Na riƙe ta, babban yatsana a danne a kan ɗaya kan.

Ban kalli mijina ba, amma na ji lokacin da numfashinsa ya tsaya.

"Ka gane ta, Mas Jatmiko?"

"Waya ce."

"Ita ce wadda aka jona modul ɗinka da ita ranar gwaji. Hayaƙi na tashi kowa ya ruga buɗe taga. Da na dawo na neme ta sama da ƙasa, babu. Na ce a nemo wayar, ka ce in daina neman wanda zan shafa wa."

"A ina kika same ta?"

"Wannan kuma daga baya."

Ku da kuke karatu bari in gaya muku. Da safiyar nan ina wanki, na juye aljihun rigar ruwan mijina, ta faɗo, an naɗe ta a takardar goge hannu. Na zauna a bakin famfo ina kallonta har ruwa ya cika baho ya malala. Ban yi kuka ba. Da na yi ma da ya fi mini sauƙi.

Na miƙa wa Mas Jatmiko kan da ya yi baƙi, ɗayan yana hannuna.

"Duba nan. Ɓangaren modul. Ja?"

Ya duba. "A ƙasa. Ai na duba ranar da idona. Kowa ya duba."

"Kowa ya duba wannan kan. Wa ya duba ɗayan?"

"Ɗayan ba a duba shi. Yana da ɗan hanci, ta hanya ɗaya kawai yake shiga. Ba ya kuskure."

"Mbak, ajiye mini tawa a nan."

Mbak Rukmi ta zare wayata daga gwangwani ta shimfiɗa a teburi. Na jera ta hannuna kusa da ita, hanci da hanci, yatsana yana nan inda yake.

A tawa jan layin yana hagu. A ɗayar yana dama.

Mbak Rukmi ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "A juye aka matse kan."

"A juye, Mbak. Hancin yana shiga daidai, shi ya sa ba wanda ya yi zargi. Amma wutar a kife take tafiya. Inda modul yake jiran mainos, fulos ake ɗura masa. Ko injin da mala'iku suka ƙera ka jona da wayar nan, sai ya gasa maka modul."

Mas Jatmiko ya kashe sigarinsa. Murmushin ya ragu, amma bai tafi ba.

"Wa ya matse ta?"

"Mai ita yana jina."

"Ɗaga yatsanki."

"A'a. Ina so ya faɗa da bakinsa."

A garejin nan kowa yana sa wa wayarsa alama. Mbak Rukmi ɗigon jan farce take sawa, ni ina ɗaura zare. Akwai kuma mai ƙona harafin sunansa da bakin ƙarfen dalma. Harafin nan ne a ƙarƙashin yatsana, ina jin gefensa yana sukata.

Ruwa yana dukan kwano. Na jira.

Wallahi a raina addu'a nake. Ya Allah ka buɗe bakin mutumin nan. Kalma ɗaya. Ya ce "ni ne", in yafe masa nan take, mu hau babur mu tafi gida in dafa masa abin da yake so. Ina son mijina, ban taɓa ɓoye muku ba.

Ya ɗauki kofin shayi. Kofin ma babu komai a ciki.

Mas Jatmiko ya yi 'yar dariya.

"Na gane. Jiya kika zauna kika matse ta a juye, kika ɗan ƙona bakinta da ashana. Dabara ce mai kyau, Dik, na yaba. Amma wannan ya wuce kuskure, ya zama ha'inci. Mbak, ina ganin ko Sallah ta zo..."

"Mas Tunggul," na ce. "Ka ji abin da ake kiran matarka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ha'inci aka ce, Mas."

Ya buɗe baki. Ya rufe.

Na ɗaga yatsana.

T.

Mbak Rukmi ta zauna a kan kujerar aiki da ƙarfi. Mas Jatmiko ya karɓi wayar ya kai ta kusa da fitila, ya juya ta, ya sake juyawa, kamar harafin zai canza.

"Tunggul?"

"Kuskure ne, Mas," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Sauri nake ranar. Sai da hayaƙi ya tashi na gane."

"Ka gane," na ce, "sai ka sa ta a aljihu."

"Dik, saurara..."

"Kana tsaye a nan aka buga ƙusar nan. Kai ka riƙe wa Mas Jatmiko kujera ya hau ya liƙa sunana. Ƙarya nake?"

"Na so in faɗa."

"Yaushe?"

"Bayan wasan gobe. Wallahi bayan wasa zan faɗa."

"Bayan ka hau dandamali, ni ina ƙasa ina tafa maka?"

"Kin san abin da wasan nan yake a wurina. Masu shirya wasa daga birnin Bandung za su zo kallo. Idan sunana ya hau bangon nan shi ke nan, ba za su sake nemana ba."

"Ni fa? Nawa sunan a kasuwa aka sayo shi?"

"Ke kin fi ni ƙarfin zuciya, Dik. Na san za ki iya ɗauka."

Tirƙashi! Kun ji ko? Wai na fi shi ƙarfin zuciya. Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"Shi ne ka laɓe a bayana? Kullum ka dawo gida ka tarar ina kwance gwangwanin nan ina sake aunawa, ina cewa Mas ko dai ni ce na yi kuskure. Me kake ce mini?"

Ya kau da kai.

"Faɗa musu abin da kake ce mini!"

"...Kowa yana kuskure."

"Kowa yana kuskure! Har shafa mini kai kake yi."

A nan hawayen ya zo, ban gayyace shi ba. Na share shi da bayan hannu da sauri, don na rantse ba za su ga kukana ba.

Mas Jatmiko ya yi gyaran murya. Ya dawo da murmushinsa, an ɗan gyara shi.

"To, alhamdulillahi, gaskiya ta fito. Abu ne na cikin gida ashe. Ga shawarata. Tunda gobe wasa, kuma an riga an tsara komai da Tunggul a ciki, mu bar bangon yadda yake zuwa jibi. Ai mata da miji ne, duk gida ɗaya. Sunanki ko sunansa..."

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Mu da aka rene mu da nuna babba da babban yatsa, a lanƙwashe, cikin ladabi. Ranar nan ɗan manuni na miƙe masa, tsaf, saitin hancinsa.

"Gidanmu ɗaya, Mas. Hannunmu ba ɗaya ba."

"Dik Kinan!" in ji Mbak Rukmi.

"Yi haƙuri Mbak, yau sai na gama. Kai Mas Jatmiko, ko murfin gwangwanin nan ba ka buɗe ba ka yanke mini hukunci. Hoton biskit ka gani. Da a baƙin akwati mai rubutun Turawa na kawo shi, da wayar za ka fara dubawa. Ka fi mijina laifi ko ka kai shi, Allah ne ya sani. Amma sunana ba zai kwana a bangon nan ba."

"Ki sauke hannunki."

"Ka sauke sunana."

Muka tsaya ido cikin ido. Fuskarsa ta yi ja har kunnuwa.

Mbak Rukmi ce ta raba mu, kuma ba da lallashi ba. Tun ɗazu wayar take juyawa a hannunta, goshinta a tattare.

"Tunggul," ta ce. "Wannan ita kaɗai ka matse ranar?"

"A'a Mbak. Duk na babban akwati ne, sababbin da aka ce in yi. Tsofaffin sun ruɓe."

"Ɗaya bayan ɗaya?"

"A ɗan katakon nan nawa na jera kawunan, na matse su lokaci guda."

"Kenan duk a juye suke."

"Duka," ya ce. "Amma kar ki damu Mbak, na ɓoye su. Zan yanke kawunan in sake. Suna nan a baƙar leda ƙarƙashin teburi, bayan..."

Ya durƙusa. Ya janye kwalin kusoshi. Ya janye tsohuwar sifika. Ya zura hannu har kafaɗa yana laluben ƙasa.

Ya ɗago.

"Ina ledar?"

Na juya na kalli Mas Jatmiko. Murmushin ya tafi gaba ɗaya. Ban taɓa ganin fuskarsa tsirara haka ba.

"Baƙar leda," ya ce. "Mai ƙulli biyu?"

"Ita."

"Sabon injin bai zo da wayoyi ba. Na ga leda cike da sababbi..." Ya lashi leɓe. "Na ba Panji."

Mbak Rukmi ta dafe ƙirji.

Babban akwati. Modul ɗin kowa yana ciki. Na Mbak Rukmi da ta shekara da shekaru tana tarawa. Sauran na Mas Jatmiko. Na mijina. Na mutanen da ko suna wurin aiki ba su san abin da ake ciki ba. Mas Panji kuma mai kula da sauti ne, mutum mai tsantseni, zai leƙa bayan kowane modul ya ga ja a ƙasa, ya cusa ɗaya kan inda hanci ya shiga, ya ce bismillah.

Duk garin nan modul ɗin mutum ɗaya ne ba ya cikin akwatin. Suna can bakin ƙofa a kwali, kusa da takalma.

Mas Jatmiko ya zaro waya ya kira Panji. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake. Ta katse.

"Ba zai ɗauka ba," Mbak Rukmi ta ce. "In yana aiki a jaka yake jefa ta."

"A kira mai motar haya!"

"A ruwan nan? Kafin ya zo an gama."

Sai duk suka juyo. Makullin babur yana rataye a wuyana.

"Dik," mijina ya ce, ya miƙo hannu. "Kawo in..."

"Kar ka taɓa ni."

"Dik Kinan," Mas Jatmiko ya ce. "Kin san lungunan bayan kasuwa. Ke kaɗai za ki kai mu da wuri. Don Allah."

Na nuna bango. Wannan karon da babban yatsa, cikin ladabi.

"Yanzu lokacin wannan ne?"

"Da hannunka ka liƙa, Mas. Ba ya ɗaukar lokaci."

Kar ku ce ba ni da imani. Zuciyata tana can wurin kayan Mbak Rukmi, ƙafata har ƙaiƙayi take in ruga. Amma na san mutumin nan. In na kai shi aka tsira, gobe zai ce a bari zuwa jibi.

Ya ja kujera da kansa. Ba wanda ya riƙe masa. Ya hau tana girgiɗi, ya sa farce ya ɓanɓaro tef ɗin, ya sauko ya miƙo mini da hannu biyu.

Na karɓa na liƙa shi a murfin gwangwanina. KINANTHI. Nan ne wurinsa tun farko.

Mbak Rukmi ta buɗe aljihun teburi ta ciro sabon tef da alƙalami. Ta ajiye su a gaban mijina.

Na zare gwangwanin daga soket na dangwara wa Mas Jatmiko a ƙirji.

"Riƙe. Kai za ka zauna a baya. In ka bari ruwa ya taɓa shi a titi zan sauke ka."

Ya rungume shi kamar jariri.

Na zura takalmi, na tura babur cikin ruwa, na sa makulli. Ya hau bayana. Na taka, inji ya tashi.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

"Panji ne!" Ya kusa yar da ita. Ya danna ta a sifika. "Panji! Panji, kar ka kunna! Ka ji ni? Kar ka taɓa ma..."

"Mas, yi haƙuri, hannuna yana cikin akwati ɗazu." Muryar Mas Panji a natse, har da 'yar dariya. "Na gama, duk ja a ƙasa, na duba ɗaya bayan ɗaya. Tambaya ɗaya kawai."

"Panji..."

"Wannan sabon injin naku na waje, dama haka yake wari in an kunna shi?"